Dalilin da Ban Ɗaure Maka Guzuri Ba

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Daga mahaifiyarka a unguwar Misfala ta Makka, zuwa ga ɗan marigayi Malam Haruna, wanda ke zaman jiran jirgin ruwa a Jidda. Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fata ka sauka lafiya, ina fata kuma zafin Jidda bai sa ka ƙara cika kana batsewa ba, don yadda ka bar gidan nan fuskarka ta isa haka. Mu nan lafiya lau, sai godiyar Allah. Allah Ya tsare ka a tudu, Ya tsare ka a kan ruwa, Ya raba ka da sharrin da ka gani da wanda ba ka gani ba.

Ba zan rubuta sunanka ba, ka san dalili. Kai ne ɗan fari, ni kuma 'yar mutanen da ce, bakina bai saba da shi ba, ba kuma yau alƙalamina zai fara ba. Na gaya wa Sale direba ya miƙa takardar nan ga dogon nan mai shan kunu, na san ba zai ɓata ba. Ka karanta a hankali. Na san Hausarka ta sha Larabci har ta ƙoshi, amma ajamin da mahaifinka ya koya maka bai isa ya gudu duka ba.

Ƙanwarka Hafsatu ta dawo daga raka ka tashar mota idonta jawur. Da na matsa mata, ta faɗa mini abin da ka ce. Wai ka ce ko baƙon da ya kwana biyu a gida ana ɗaure masa guzuri, amma kai uwarka ta miƙo maka gurasa, ka gatsa sau ɗaya ta fizge abinta, ko ƙofar gida ba ta raka ka ba. Wai ka ce daman tun kana shan nono aka ƙudura miƙa ka ga kakarka a unguwar Hindawiyya, saboda haka ba yau aka fara sallamarka ba. Wai kuma idan aikin nan ya karɓe ka, ba ka ga abin da zai dawo da kai Makka ba. Maganar ƙarshen nan ita ta hana ni cin abinci, ita ta sa na ɗauko tawada. Ina tsoron ka hau jirgin nan da ita a zuciyarka.

Ka gaya mana irin aikin da za ka. Ka ce bayan babban yaƙin nan da ya rushe ƙasashen Turawa, manyan duniya sun duba sun ga mutane birjik a kan hanya, ba gida ba takarda. Suka zauna, suka kafa hukuma, suka sa hannu a kan cewa wanda ya gudo don tsoron ransa ba za a mayar da shi hannun wanda ya kore shi ba, kuma a ba shi takardar da zai iya tafiya da ita. Ka ce har yanzu yarjejeniyar ta fi duban mutanen can ƙasashensu, su kuwa mutanen Falasɗinu da ke zaune a tantuna wata hukumar daban aka yi musu, ita ce ta ɗauke ka ka tuƙa motar fulawa da barguna. Na ji makamancin haka a rediyon mai kantin bakin layinmu. Na ce a raina, madalla, sai da abin ya taɓa nasu suka gane gudu ciwo ne. Amma ban raina ba. Da an yi wannan zaman tun da wuri, da wata mata da ka sani ba ta yi zaman bakin teku ba. Labarinta zan ba ka, don a cikinsa amsarka take, a cikinsa kuma duk nasihar da nake da ita take.

Ka tuna Inna Mastura mai gurasa, wadda take cusa maka mai zafi a aljihu duk Juma'ar da aka kawo ka gaishe mu. Kai ka san ta a matsayin 'yar gida. Ba ka san yadda ta zo ba, don lokacin kana Hindawiyya, ba a kuma yi maganar a gabanka ba.

Ni kaina a hanya aka haife ni, a wani ƙauye na ƙasar Sudan. Iyayena sun baro ƙasar Sakkwato ne lokacin da Nasara suka ci ƙasa. Saboda haka na ɗauka babu abin da za a gaya mini game da barin gida. Ashe ban san komai ba. Mu mun taso da ƙafarmu, mun nufi gabas da muke so. Kowace shekara alhazai na kawo mana kuka da daddawa da labarin wanda ya rasu da wadda ta haihu. Wanda kewar gida ta dame shi yakan tattara ya koma, ba mai tare shi a ƙofar gari. Ni a wurina duk baƙon da ya zo Makka haka yake.

Wata shekara kafin yaƙin, mutawwifi, wato mai saukar da alhazai, wanda mahaifinka yake yi wa aikin jagora, ya turo mana wata mata, ya ce masaukansa sun cika. Ta sauka a jirgin alhazan Indiya, amma ba Ba'indiya ba ce, mutuniyar ƙasar Buhara ce. Gajera ce mai faffaɗar fuska, ta ɗan girme ni. Kayanta bai taka kara ya karya ba, sai wani ƙaramin ƙunshi a cikin ƙyalle mai furanni, wanda ko alwala za ta yi sai ta ɗora shi a cinya. Larabcinta na salla ne kawai, nawa kuwa na kasuwa, don haka da hannu muke rabin hirarmu. Na ba ta ɗakin da ke kusa da madafa.

Ka san mu, gaisuwarmu ba ta cika sai an tambayi gida. Kullum safiya sai in tsaya a ƙofarta in harhaɗa Larabcina: ina kwana, ina gajiya, yaya kika baro mutanen gida, yaya maigida, yaya yara, yaya garinku. Sai ta dafa ƙirji ta ce alhamdu lillahi, ta shige ciki. Gobe in sake. Har na gaya wa mahaifinka matar nan ba ta da sakin fuska, mutum na gaishe ta kamar yana zaginta. Ni ina ganin ladabi nake yi, ashe kowace safiya ina lissafa mata abin da ta rasa ɗaya bayan ɗaya. To kai ma bakinka na Bahaushe ne ko da Larabci kake magana. Idan ka shiga tantin mutum ka yi sallama, ka tambayi kwanansa da jikinsa, ka tsaya nan. Idan yana son ya ba ka labarin garinsu, shi zai fara, ranar nan kuwa ka kashe mota ka zauna.

Duk da haka na so ta. Ba ta da hayaniya, idan ta ga ina daka sai ta zauna ta tsince mini tsakuwa a shinkafa. Aka yi Arfa, aka sauko daga Mina, alhazai suka fara haramar tafiya. Ka san al'adar gidanmu a lokacin. Duk wanda ya sauka a wurinmu sai na ɗaure masa guzuri, in ajiye a ƙofar ɗakinsa, mu raka shi har inda ake hawa. A wurinmu wannan shi ne cikar karamci, wanda aka bari ya tafi hannu sake an wulaƙanta shi. Na yi wa kowa nasa, na Mastura kuwa na fi zuba ƙauna a ciki. Na yi mata dambun nama da naman hadaya da muka shanya, na yi dakuwa, na zuba dabino, na sa aka liƙe mata ruwan Zamzam a gwangwani, har da turare na ƙulla a gefe. Na kai ƙofarta ina murmushi, na nuna mata wajen Jidda da hannu, na ce mata garinku, Allah Ya kai ki lafiya.

Ta dubi ƙunshin, ta dube ni, ta daɗe. Sannan ta dafa ƙirji ta sunkuyar da kai. Na koma madafa ina jin daɗin kaina.

Washegari na dawo daga sallar asuba a Harami na tarar da ɗakin a share, tabarma a naɗe an jingine ta a bango. Ta tafi, ta ɗauki guzurin. Raina ya ɓaci. Na ce wa mahaifinka ka gani ko, duk hidimar nan ko sallama babu, ta hana mu ladar rakiya. Na ci gaba da harkokina.

Bayan 'yan kwanaki sai ga wani tsoho mai shayi a bakin titi, mutumin ƙasar su Mastura ne da ya daɗe a Misfala, muna kiransa Baba Kari. Ya yi sallama ya ce ya samo wa Mastura aikin ɗinkin huluna, a kira masa ita. Na ce daga bayan labule ai ta tafi gida.

Sai ya ce, "Wane gida?"

A tsaye a zaure ya ba mahaifinka labari, ina ji. Mijinta malami ne, masu mulkin ƙasarsu suka kama shi, ba a sake jin ɗuriyarsa ba. An rufe masallacin unguwarsu, an ƙwace gidan, yunwa ta cinye ƙananan 'ya'yanta biyu. Ta ƙetare kogi zuwa ƙasar Afgan, ta bi duwatsu har Indiya, ta shiga cikin alhazai. Ba aikin hajji kaɗai ya kawo ta ba, zama ta zo yi, don ba ta da wani wurin. Ya ce a ƙasarsu ma idan aka ajiye wa baƙo guzuri a ƙofa ya san abin da ake nufi. Na nemi turmi na zauna a kai.

Mahaifinka ya ɗauki takalminsa, shi da Baba Kari suka nemi motar Jidda. A jikin katangar bakin teku suka same ta, cikin waɗansu irinta. Ba jirgin da zai ɗauke ta, don takardar da ta shigo da ita ta gama aiki, kuma ba wata ƙasa da ta san da ita. Ofishin da zai iya ba ta sabuwa na mutanen da ta gudo wa ne, ko titinsa ba ta yarda ta bi ba. Mahaifinka ya ce ya ga wani tsoho a wurin da jirgi ya kai shi wata tasha aka hana shi sauka, ya kai shi wata aka hana shi, ya dawo da shi inda ya ɗauko shi. Kowace ƙasa tana cewa ba nata ba ne. Mu dai a lokacin ba mu ga wata hukuma da ta zo ta tambayi sunansu ba, sai masu sadaka da ke jefa musu abin da ya samu.

Guzurina yana gefenta, ko kwance shi ba ta yi ba. Da mahaifinka ya ba ta haƙuri ya ce ta taso su koma, sai ta yi magana Baba Kari ya fassara. Ta ce, "Matarka ta kyauta, guzuri ne mai kyau. Amma ka tambaye ta, a ina zan zauna in ci?"

Ya kawo mini maganar nan yadda take, bai rage ba bai ƙara ba. Tun daga ranar hannuna bai sake ɗaure wa kowa guzuri ba. Idan alhazai za su tafi, maƙwabta ke yi, da Hafsatu ta girma ita ta karɓa. Na san ana cewa a unguwa tsohuwar nan ta yi rowa, na bar su da faɗarsu.

Ga abin da nake so ka riƙe. Za ka riƙa miƙa wa mutane buhun fulawa, kana ganin alheri kake yi, kuma alherin ne. Amma ka lura da abin da hannunka da fuskarka suke faɗa lokacin da kake miƙawa. Akwai bayarwar da ke cewa zauna, akwai wadda ke cewa karɓi ka ba mu wuri. Na ji ka kana gaya wa abokanka a zaure cewa aikinku shi ne ku taimaka musu har a naɗe tantunan nan kowa ya kama gabansa. Kada ka faɗi wannan a gabansu. Kada ka tambayi mutum yaushe zai tafi, kada kuma ka yi masa alkawarin ya kusa komawa gida don kawai ka ga ya yi murmushi, tunda hanyar ba a hannunka take ba. Idan kuwa wani mai muƙami ya ce ka loda mutane a motarka ka mayar da su inda suka gudo suna kuka, ka ajiye masa mabuɗin motarsa ka dawo gida ko da ƙafa ne. Kai da bakinka ka ce manyan duniya sun sa hannu a kan hana wannan. Ni ban ga takardarsu ba, amma na ga katangar Jidda ta idon mahaifinka.

Da aka dawo da ita, kunya ta sa na yi wani shirmen. Na mayar da ita sarauniya. Ba ta taɓa tsintsiya, ba ta taɓa tulu, idan ta miƙa hannu wajen shinkafa sai in janye faifan in ce baƙo ba ya aiki. Abinci har ɗaki, ruwan wanka har bayi. Ni ina ganin ina wanke laifina, ita kuwa sai ramewa take yi, ta zauna tana kallon bango. Wata rana na leƙa bayan madafa na same ta tsugune, hannu dumu-dumu da laka, ta samo wata tsohuwar randa mai fasasshen gindi tana lulluɓe ta da yumɓu. Na ɗaga murya zan hana, mahaifinka ya ce in bar ta. Tanderu take ginawa.

Ranar da ta fara gashi ƙamshin ya tara mana yaran unguwa. Kafin wata ya zagayo masu kanti na aiko da faranti. Ta ce sai na koya. Na cusa hannu zan manna ƙullin a jikin tanderu, wuta ta lashe ni, na saki ƙullin cikin garwashi na yi tsalle ina salati. Ranar na fara jin dariyarta, har da riƙe ciki. Ba a daɗe ba ta fara kushe miyar kukata, ta ce mutum mai hankali ba ya cin abin da ke bin cokali. Na ce mai cin shinkafa da kitsen tumaki ba shi da bakin magana. Daga nan muka zama 'yan'uwa, muna faɗa muna shiryawa, cikin wani harshe da ba Hausa ba ba Larabci ba, mu biyu kaɗai ke jin sa.

Mutanen da za ka tarar a tantuna ba a layin karɓar fulawa aka haife su ba. Akwai manomi a ciki, akwai magini, akwai malamin makaranta, akwai matar da kullum tukunyarta ke ciyar da maƙwabta. Zaman karɓa yana cin mutum. Idan motarka ta lalace ka tambaya ko akwai makaniki a cikinsu, ka bar shi ya gyara, ka bar shi ya yi maka faɗa a kan yadda kake wulaƙanta inji. Idan wata tsohuwa ta dangwarar da fulawarku ta ce ba ta da kyau, kada ka ce butulci ne. Wataƙila gaskiyarta ce, ta fi ka sanin fulawa. Kai kuma mai saurin fushi ne kamar ni, ba kamar mahaifinka ba, don haka ka haɗiye.

Sai da muka shekara biyu ko fiye kafin ta kwance mini ƙyallen nan mai furanni. Na zaci zinariya ce ko Alƙur'ani. Gurasa ce guda ɗaya, zagayayya, ta bushe ta yi tauri kamar dutsen niƙa, an gatsa gefenta sau ɗaya, har shatar haƙori ana gani. Ta ce a ƙasarsu idan ɗa zai yi tafiya mai nisa, uwarsa takan ba shi gurasa ya gatsa, sai ta karɓe sauran ta rataye a bango. Sauran rabonsa ne, yana nan yana jiransa, sai ya dawo ya cinye. Babban ɗanta Abdurrahim shi ya ƙetarar da ita kogin. Da suka isa ɗaya gaɓar ya ce zai koma ya ɗauko matarsa, ya kuma nemi labarin mahaifinsa. Gurasa ɗaya ta rage musu. Ta ba shi ya gatsa, ta ce masa idan ba su haɗu a hanya ba ya neme ta a Makka, don nan ne wuri ɗaya da kowane Musulmi ya san hanyarsa. Ba ta da bangon da za ta rataye, shi ya sa take yawo da ita a cinya. Ka ga ke nan ranar da na nuna mata hanyar Jidda, daga wurin da ɗanta zai neme ta na tashe ta.

Kowace shekara idan alhazai suka fara sauka, sai ta yafa mayafi ta bi masaukan mutanen ƙasarsu tana tambaya. Ta dawo ƙafa duk ƙura, ta kunna tanderu. Abin ya riƙa ci mini rai. Wata shekara na kasa daurewa na ce mata ta haƙura, mu dafa abinci mu yi masa sadaka, mu roƙa masa gafara, ta huta da wannan yawo. Na ƙara da cewa ai ita ta yi sa'a, Allah Ya kawo ta maƙwabtaka da ɗakinsa, mutane nawa ke neman haka. Ta tashi ta bar mini wurin. Ta yi kwanaki tana gaishe ni kamar baƙuwa, wannan kuwa ya fi mini zagi ciwo. Ni na je na ba ta haƙuri. Za ka haɗu da masu jiran wanda kai ka tabbata ba zai zo ba. Kada ka binne wa mutum nasa tun bai binne da kansa ba, kada kuma ka gaya masa ya yi sa'a don ya tsira da ransa. Ya san ya tsira, ya kuma san waɗanda ba su tsira ba.

Da yaƙi ya yi tsanani jirage suka ɗauke ƙafa, alhazai suka yi ƙaranci, fulawa ta zama abin nema. Ka tuna wannan, lokacin ka fara bin motocin Jidda. Tanderu ya yi sanyi, akwai ranakun da muka wuni da ruwan shayi. Ko sau ɗaya ban ga ta kalli ƙyallen nan da niyyar jiƙawa ba. A cikin shekarun nan ciwon ajali ya kama ta, kana cikin waɗanda suka kai ta maƙabartar Ma'ala. Kafin ta cika ta miƙo mini gurasar ta ce, "Ke kina da bango. Ki rataye, kada ki sa a akwati. Idan ya shigo ya gani." Na buga ƙusa a ƙuryar ɗakina bayan labule na rataye. Ba ka taɓa gani ba, don kai ba ka wuce ƙofar ɗakina, ni kuma ban taɓa ce maka shigo ba.

Ka ce a cikin ayyukan da aka kafa bayan yaƙi har da neman waɗanda suka ɓace, ana aika sunaye daga ƙasa zuwa ƙasa. Idan ka samu inda ake faɗa, ka faɗa musu: Abdurrahim ɗan Mastura, mutumin ƙasar Buhara, ana nemansa a Misfala, gidan Malam Haruna. Ban sa rai ba, amma ka faɗa.

Yanzu maganar Hindawiyya. Gaskiya ne an miƙa ka ga kakarka da aka yaye ka, haka ake yi da ɗan fari, ba wanda ya tambaye ni, ni ma ban isa in ce a'a ba. Da na nuna damuwa da an yi mini dariya a unguwa. A madafa nake kukana in ce hayaƙi ne. Ka tambayi duk wanda ya san ni, me ya sa matar da ake sayar da daddawa a bakin ƙofarta take tafiya har Hindawiyya cikin rana sayen daddawa. Nakan tsaya a inuwar wani kanti in ga ka fito kana wasa da gwangwani, in juyo. Na so ka tun ranar, ina son ka yau, ban dai iya faɗa a fuska ba. A takarda ma sai da na ajiye alƙalami na sake ɗauka.

Da ka ce za ka tafi, na yi niyyar karya rantsuwar da na yi ta daina ɗaure guzuri. Na sayo nama, na sayo gyaɗa, na shimfiɗa ƙyalle. Hannuna ya ƙi. Duk lokacin da na kama bakin ƙyallen zan ƙulla sai in ga tabarmar nan a naɗe a jikin bango. Ba zan iya ajiye maka ƙunshi a ƙofa in nuna maka hanyar Jidda ba. Shi ya sa da asubar ranar na share tanderun Mastura, na kwaɓa ƙulli, na gasa guda ɗaya, na kuma ƙone hannu kamar yadda na saba. Na miƙa maka, ka ce, "Ya ummi, na ƙoshi." Na ce gatsa. Ka gatsa kana kallon gefe, na karɓe. Na so in yi maka bayani, na kasa. Ban raka ka ƙofa ba don na san idan na kai zaure zan ba da kaina a gaban maƙwabta.

Na ba Sale naman da gyaɗar a kwano buɗe, ba a ƙulle ba, ka ci da abokan tafiyarka, ka aiko mini da kwanona. Ka riƙe salla a kan lokacinta ko a kan hanya ne. Ka ji tsoron Allah a kan abin da aka ba ka amana, ko cikin cokali na fulawar nan kada ya bi ka masauki. Ka sa rigar sanyi, an ce ƙasar can ba irin tamu ba ce. Ka rubuto wa Hafsatu, za ta karanta mini ko da Larabci ne.

Allah Ya sa albarka a aikinka, Ya sa ka zama sanyi ga waɗanda za ka tarar. Allah Ya mayar da kowa gidansa, wanda gidansa ya rushe Ya ba shi wani. Allah Ya ji ƙan mahaifinka da Mastura. Allah Ya kai ka lafiya, Ya tsare ka a can, Ya juyo mini da kai lafiya. Na yafe maka maganar da ka yi a tasha, kai ma ka yafe mini shirun da na yi.

Na buga ƙusa ta biyu kusa da ta farko. Taka tana nan rataye, har yanzu da ɗan laushinta, ga shatar haƙoranka. Ta Abdurrahim na saba da ganinta, amma ba ni da ƙarfin kallon guda biyu suna bushewa tare. Ranar da ka dawo kada ka tsaya a ƙofar ɗaki, ka ɗaga labule ka shigo. Zan jiƙa maka ita a shayi, ka cinye abinka ina kallo.

Wassalam. Mahaifiyarka.